Na haɗa manhajar da ke sa waya shiru a ƙofar masallaci: Apple zai kai ni kotu?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara lafiya da basira. Ni matashi ne a Kano, na karanta kimiyyar kwamfuta, ina kuma ɗan taɓa gyaran waya a kasuwa. Na haɗa wata manhaja ta Android wadda ke sa waya ta yi shiru da kanta da zarar mutum ya kusanci masallaci, idan ya fito ta dawo da ƙararta. Ana liƙa 'yar na'urar Bluetooth a bakin ƙofa, wayar na jin siginarta sai ta yi tsit. Mun gwada a masallacin unguwarmu ta yi aiki, na ɗora bidiyon a TikTok da Facebook wata 7 da suka wuce, jama'a suka yi ta sa albarka. To yanzu hankalina ya tashi. Wani abokina ya turo mini hoton wata takarda ta kamfanin Apple, ya ce sun riga sun mallaki wannan tunanin, ranar da na ɗora manhajar a Play Store za su maka ni a kotu. Sannan wani mutum da ya ga bidiyon ya kira ni, ya ce shi wakili ne, zai yi mini rajistar haƙƙin ƙirƙira ta duniya baki ɗaya cikin mako 3, wadda za ta hana Apple da kowa taɓa ni, amma in gaggauta biya kafin 'yan China su kwafa. Kuɗin da ya yanka sai na sayar da babur ɗina. Wallahi ko barci ba na iya yi. In sayar in biya, ko in haƙura da aikin gaba ɗaya?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Ka bar babur ɗinka inda yake, ka kuma ci gaba da aikinka. Mutumin da ya kira ka, ko dai bai san wannan sana'a ba, ko kuma ya san ta sarai kuɗinka yake hari, domin abin da ya ce zai sayar maka babu shi a ko'ina a doron ƙasa. Abokinka kuwa bai yi maka ƙarya a kan takardar ba, fahimtarta ce ya yi a karkace. Abin da ya hana ka barci da abin da ke neman raba ka da babur tushensu ɗaya ne: zaton cewa mutum na iya zuwa wani ofis ya yi rajistar tunani, daga ranar tunanin ya zama nasa a duniya duka. Babu ranar Allah da ba na jin wannan magana, daga bakin ɗalibi har malamin jami'a, kuma ita ta fi jawo wa mutanenmu asara. Saboda haka ka yi haƙuri, zan daɗe a kanta.

Mu fara da takardar Apple. Wadda ta fi yawo a kan wannan batu ita ce mai lamba 8,254,902, wadda ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba kamfanin a watan Agustan 2012, bayan sun shigar da buƙatarsu a 2008. Ta yi tashe a jaridu a lokacin, saboda mutane sun ji tsoron za a riƙa amfani da dabarar ana kashe kyamarar wayoyi a wurin zanga-zanga. Batunta shi ne yadda wuri zai ɗora wa waya wasu ƙa'idoji idan ta shigo cikinsa: a rage hasken fuskarta a gidan sinima, a hana ta ƙara, da makamantan haka. A gabatarwarta har an ambaci yadda kukan waya ke damun mutane a taro da wajen ibada da jana'iza. Duk wanda ya karanta wannan gabatarwar zai rantse manhajarka ake siffantawa, kuma a nan abokinka ya tsaya. To gabatarwa ba ta ba kowa haƙƙin komai. Taken takardar ma haka, zane-zanen cikinta ma haka. Abin da alƙali ke dubawa yana can ƙarshe, jerin jimloli masu lamba 1, 2, 3, waɗanda muke kira da'awowi.

Kai da ke Kano ka san takardar fili. Ba a ba mutum takarda a kan "gabashin gari". Ana ba shi ne a kan fili mai tsawo kaza da faɗi kaza, daga wannan dutsen awo zuwa wancan, kuma wanda ya yi gini taku ɗaya bayan dutsen bai shigar masa ba. Da'awowi su ne duwatsun awon takardar ƙirƙira. Kuma kamar yadda takardar filin Kano ba ta ba ka ko taku ɗaya a Maraɗi, haka takardar Amurka ba ta da ƙarfin komai da ta ƙetare iyakar Amurka.

Ga yadda ake karanta da'awowi. A ce, don misali kawai, da'awar wata takarda ta ce: tsari ne da ya ƙunshi na'ura a wuri wadda waya ke haɗuwa da ita, na'urar ta tantance wayar, ta aika mata umarni, wayar ta kashe ƙara da kyamara. Abubuwa huɗu ke nan. Kafin a ce ka keta haƙƙin mai wannan takarda, sai an sami dukkan huɗun a cikin abinka, babu wanda ya ɓace. Idan na'urarka ba ta haɗuwa da waya, ba ta ma san wace waya ce ta wuce ba, lamba kawai take watsawa a iska, wayar ce ke yanke shawara da kanta, to ka fita daga wannan da'awar ko da sakamakon da mai waya ke gani iri ɗaya ne. Kotunan Amurka suna da ƙa'idar da ke kama wanda ya ɗan sauya wani abu don wayo alhali aikin bai canza ba, shi ya sa karanta da'awa aikin gwani ne. Amma tushen ke nan. Kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne, manyan kamfanoni kan shiga ofis da da'awa mai faɗin gaske, mai binciken ofishin ya zaro musu tsofaffin takardu ya ce wannan an riga ku, wannan ma an riga ku, su yi ta ragewa tsawon shekaru har abin da ya rage ya zama ɗan siriri. Gabatarwar kuwa tana nan da faɗinta kamar ranar farko, ita ce ke tsorata wanda bai saba ba.

Me ya sa Apple bai iya mallakar tunanin kansa ba? Domin an riga shi. Waya mai gane abin da ke kusa da ita tsohon zance ne. Nokia 7650, wadda ta fito a 2002, tana da ɗan idon da ke gane an kai ta kunne sai ta kashe lasifika, shekara 5 kafin iPhone ta farko ta yi amfani da irinsa wajen kashe fuskar waya a lokacin kira. A farkon shekarun 2000 wani kamfanin Amurka mai suna BlueLinx ya yi ta tallata tsarin Q-Zone, wanda manufarsa ita ce Bluetooth ya rage ƙarar wayoyi a coci da sinima. A 2008 wasu ɗaliban jami'ar MIT suka shiga sahun waɗanda suka ci gasar Android ta farko da Google ya shirya, da manhajar Locale mai sauya saitin waya gwargwadon inda take. Apple ya fito da iBeacon a 2013, Google ya biyo da Eddystone a 2015, dukansu tsare-tsare ne na 'yar na'urar Bluetooth da waya ke jin siginarta idan ta matso. Ban ma ambaci ɗimbin manhajojin lokutan salla da ke sa waya shiru idan lokaci ya yi ba.

Wannan tarihi yana kare ka, yana kuma hana ka. Babu mai iya tsayawa a yau ya ce "waya ta yi shiru idan ta kusanci wuri" nasa ne, kuma kai ma ba za ka iya ba. Sanya kalmar masallaci a inda wasu suka sanya coci ko sinima ba ƙirƙira ba ce a idon doka. A Amurka ma, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Alice da bankin CLS, wanda ya ɗauko tunani tsura ya ce "a yi shi da kwamfuta" da wuya takardarsa ta tsira.

Yanzu ga "rajistar duniya". Babu ofishin da ke bayar da ita, ba a Janiba ba, ba a Washinton ba. Abin da ake da shi hanyoyi ne na sayen lokaci. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ce idan ka shigar da buƙata a ƙasa ɗaya, kana da wata 12 ka shigar a wasu ƙasashen a lissafa maka da ranar farko. Yarjejeniyar PCT ta 1970, wadda Najeriya ta shiga a 2005 kuma WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin ƙirƙira, ke kula da ita, tana ba ka damar shigar da buƙata ɗaya da za ta riƙe maka wuri a ƙasashe sama da 150 har kusan wata 30, a kuma yi maka binciken abin da ya gabace ka. A ƙarshen wannan wa'adi ba a miƙa maka takardar mallaka. Sai ka bi ƙasashen da kake so ɗaya bayan ɗaya, kowace da lauyanta, da kuɗinta, wata har da fassara, kuma kowace tana da ikon ta ce a'a. A nahiyarmu akwai ofisoshin haɗin gwiwa biyu. OAPI da ke Yawunde, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977, takardarta ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Cadi da Kamaru. ARIPO da ke Harare tana da Gana da Sudan a cikin mambobinta. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya. Wato ko masallatan Zinder da Maraɗi kake so ka rufe, takardar Abuja ba ta kai can ba, sai ka bi ta Yawunde. To wanda ya ce zai haɗa maka duniya duka cikin mako 3, ka tambaye shi sunan ofishin da zai buga hatimin.

Kada ka ɗauka wannan damfara tamu ce kaɗai. A 2017 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kai wani kamfani na jihar Fulorida mai suna World Patent Marketing kotu, aka rufe shi, daga baya aka yanke hukuncin sama da dala miliyan 25. Cikin abin da yake sayar wa masu ƙirƙira har da wannan takardar duniyar da babu ita. WIPO kanta ta daɗe tana gargaɗi a kan takardun neman biya na bogi da ake aika wa masu buƙatu, da tambari mai kama da nata. Salon bai canzawa: su suke kiran ka, su zuga abinka kafin su fahimce shi, su ce lokaci na ƙurewa, su yanka kuɗi dunƙule ba tare da rasidin gwamnati ba. Lauyan gaskiya abin da zai fara gaya maka shi ne mai yiwuwa an riga ka, bari a bincika.

Akwai ƙananan 'yan'uwan wannan damfara da ke ƙona mini rai, domin masu yin su sau da yawa da zuciya ɗaya suke ba da shawarar. Wani ya ce ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa kai ka fara tunanin. Wani ya ce ka yi rajistar sunan kamfani a CAC, shi ke nan an kare ka. Wani ya ce ka rubuta bayanin ka sa a ambulan ka aika wa kanka ta gidan waya. Duk cikinsu babu wanda ke ba ka haƙƙin hana wani yin abu. Dokarmu ta 1970 a kan haƙƙin ƙirƙira da zane ta faɗa ƙarara a sashe na 2: haƙƙin na wanda ya fara shigar da buƙata ne, ko shi ne ainihin mai ƙirƙirar ko ba shi ba, sai fa in an tabbatar sata ya yi. Mutum ya kwana da ambulan ɗinsa a ƙarƙashin katifa shekara da shekaru yana jin yana da wani abu, alhali bai da komai.

Sai abin da ya fi waɗannan haɗari, domin shi yana zuwa da hatimin gwamnati na gaske. Mai yiwuwa wannan wakilin, idan ya ga dama, ya karɓi kuɗinka ya cike fom ya kai ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, wata rana ya kawo maka satifiket mai kyau ka rataye a shago. Ka san abin da dokar ta ɗora wa magatakardan ofishin? Ya duba ko fom ya cika, ko an biya kuɗi, ko buƙatar a kan ƙirƙira ɗaya take. Sashe na 4 bai ba shi aikin bincika ko abin sabo ne ba, kuma sashen ya ce ana bayar da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da lamunin ingancinta ba. Saboda haka mutum na iya riƙe da satifiket na halal a kan abin da aka wallafa a Japan shekara 15 da suka wuce. Ranar da ya kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya, lauyan wancan ya ajiye tsohuwar takardar a gaban alƙali, a soke tasa a ƙarƙashin sashe na 9, ya tashi ba kuɗi ba takarda. Dokar da aka rubuta tun zamanin da ko wayar tebur sai gidan wane da wane, har yau ita muke aunawa da manhajoji da na'urorin Bluetooth. An sha kawo ƙudurorin gyara, shekaru na ta wucewa. Wanda ke biyan farashin wannan jinkiri shi ne matashi irinka da ya ga hatimi ya ɗauka an tantance aikinsa, da mai zuba jarin da ya ga satifiket ya ɗauka dukiya ce.

Ko da a ce takardarka ingantacciya ce ta kowace fuska, maganar cewa za ta "hana Apple taɓa ka" ƙarya ce ta biyu. Takardar ƙirƙira ikon hana wasu take bayarwa, ba ta ba mai ita izinin yin komai. Kana iya mallakar gyaran da ka yi a kan dabarar wani, amma ka kasa sayar da shi sai da yardarsa, domin naka a kan nasa yake zaune. Kamfanin da ke ƙera wayar BlackBerry a wancan zamanin yana da tarin takardu nasa na kansa, duk da haka a 2006 sai da ya biya wani ƙaramin kamfani mai suna NTP dala miliyan 612.5 kafin ya samu lafiya. Manyan da ke amfani da takardu wajen kare kai da yawansu suke yi, ka kai ni ƙara in kai ka, a ƙarshe a zauna a yi musaya. Shi ya sa Google ya amince a 2011 ya sayi Motorola Mobility a kan dala biliyan 12.5, kamfanin da ke da takardu kusan 17,000.

To Apple zai kai ka kotu? A ganina a'a. Kafin kowa ya kai ka ƙara a kan abin da kake yi a Kano, sai yana da takarda a Najeriya, wadda ake biya wa kuɗin shekara, wadda kuma da'awarta ta hau kan abinka. Wannan abu ne da lauya ke bincikawa a rajistar Abuja. Play Store kuma yana ba ka zaɓin ƙasashen da manhajarka za ta fito. Ka zaɓi Najeriya da maƙwabta, ka bar Amurka tukuna. Waɗanda suka fi damun ƙananan masu manhaja ma kamfanonin da ke sayen takardu don neman kuɗi ne, irin Lodsys da ya yi ta aika wasiƙun barazana a 2011, kuma su inda ake cinikin dala suke bi. Wa'adin takarda shekara 20 ne daga ranar shigar da buƙata, don haka wadda aka shigar a 2008 ta kusa cika kwanakinta.

Bidiyonka ne ya fi ba ni damuwa a kan Apple. A dokarmu, duk abin da ya fito fili a ko'ina, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani, kafin ranar shigar da buƙata, ya daina zama sabo, ko da kai ne ka fito da shi. Rangwamen da aka yi shi ne na wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata 6 kafin shigarwa, kuma TikTok ba ya cikin wannan. Turai ma haka take da tsanani. Amurka ce ke ba mai ƙirƙira shekara ɗaya bayan ya bayyana abinsa, amma ba na ba ka shawarar ka bi wata 5 da suka rage maka a can da kuɗin babur, a kan fagen da ya cika haka. Goge bidiyon ba ya gyara komai, wanda ya gani ya gani. Abin da ya rage maka shi ne abin da bidiyon bai nuna ba. Idan mutane sun ga waya ta yi shiru a ƙofa ne kawai, ba su ga lissafin da ke ciki ba, to lissafin yana nan a hannunka.

Kuma a nan ne nake zaton aikin gaske yake. Ka fi ni sanin cewa auna nisa da ƙarfin siginar Bluetooth kintace ne. Siginar a kan mita 2.4 GHz take, jikin mutum yana shanye ta, rufin kwano yana wargaza ta, wayar da ke aljihun babbar riga ba ta ji daidai da wadda ke hannu. Abin da ya yi aiki a sallar Azahar da sahu uku zai iya rikicewa ranar Juma'a da jama'a suka cika har titi. Ga mai shagon da ke jikin katangar masallaci, wanda wayarsa za ta wuni a shiru yana rasa kiran abokan ciniki. Ga wanda ya wuce a Adaidaita Sahu. Saboda irin wannan matsala ce Apple ya sa guntun U1 mai wata fasahar sigina da ake kira UWB a iPhone 11 a 2019, wanda ke auna lokacin da sigina ta ɗauka kafin ta iso, aka kuma ƙara wa Bluetooth gane alƙiblar sigina a sigarsa ta 5.1 a 2019, da sabuwar hanyar auna nisa a sigar 6.0 a 2024. Yawancin wayoyin da ke hannun masallatanmu ba su da waɗannan. Idan ka samo hanyar da ƙaramar waya mai arha za ta bambanta wanda ya shiga salla da wanda ke wucewa, ba tare da ta cinye batir ba, wannan ne abin da za a iya rubuta wa da'awa. Shi za ka rufe bakinka a kansa. Kada ka bayyana shi a bidiyo, ko gasar matasa, ko ga mai son zuba jari, sai an sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri ko ka riga ka shigar da buƙata.

Kafin ka kashe ko sisi, ka zauna da shafukan binciken takardun ƙirƙira na Google Patents da Espacenet da PATENTSCOPE, duk kyauta ne, ka nemi dabarar taka da kalmomi daban-daban, ka tsallake gabatarwa ka tafi kan da'awa ta 1 a kowace takarda. Idan bayan haka kana ganin akwai abin da ba a riga ka ba, ka tuntuɓi hukumar NOTAP, wadda ta daɗe tana taimaka wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa wajen shirya takardu da shigar da su, ko lauyan da zai nuna maka da'awowin da ya taɓa rubutawa da hannunsa. In ma ta kai ga PCT, babban kuɗin shigarwa farankin Suwizalan 1,330 ne, kuma ɗan Najeriya mai shigarwa da sunan kansa ana yafe masa kashi 90 cikin 100 na wannan, ban da kuɗin bincike. Ka kuma lura, in a wurin aikin wani ka haɗa abin, ko wani ne ya ba ka kwangilarsa, doka na iya ba shi haƙƙin.

Rubutun manhajar kansa, wato umarnin kwamfuta da ka gina ta da shi, yana da kariya tun ranar da ka rubuta shi, a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ba sai da rajista ba. Tana hana a kwafe maka rubutun, ba ta hana wani ya rubuta nasa mai aiki iri ɗaya. Sunan manhajar da tambarinta kuwa ka yi musu rajistar alamar kasuwanci, wannan kuɗi ne da ba za ka yi da-na-sanin kashe shi ba. Batun 'yan China kada ya firgita ka. Na'urar da kake liƙawa a ƙofa da ma daga can ake ƙera irinta. Abin da ba za su yi daga Shenzhen ba shi ne zama da kwamitin masallaci, da hawa tsani a canza batir, da amsa kiran liman idan abu ya lalace.

Sauran abubuwan da za su tare ka na aiki ne. Apple ba ya barin manhajar wani ta sa iPhone shiru da kanta. A Android sai mai waya ya ba ka izinin taɓa yanayin kar-a-dame-ni, kuma daga Android 12 akwai izini na daban na neman na'urorin da ke kusa. Tecno da Infinix da itel suna yawan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai ka koya wa mutane yadda za su cire taka daga ciki. Idan za ka shigo da na'urorin da yawa don sayarwa, ka tabbatar irin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi ne. Duk wanda ya ce ka sayi na'urar toshe sabis ka huta, ka guje shi: tana katse wa maƙwabtan masallaci kira har da na gaggawa, kuma katse sadarwar jama'a laifi ne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, wanda a wurina ya fi duk waɗannan nauyi. Manhajarka za ta san wane ne ya shiga wane masallaci, da ƙarfe nawa, sau nawa a mako. A ƙasarmu masallacin da mutum ke salla yakan nuna aƙidarsa da malaminsa, wani lokaci har da siyasarsa, kuma mun ga abin da irin wannan sani ke jawowa idan ya faɗa hannun da bai dace ba. A watan Nuwamban 2020 wani binciken 'yan jarida a Amurka ya nuna cewa bayanan wurin masu amfani da manhajar Muslim Pro suna zuwa ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin masu saye a wurinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Kamfanin manhajar ya musanta cewa ya sayar wa soja, ya kuma yanke hulɗa da dillalin, amma miliyoyin Musulmi sun riga sun ji an ci amanarsu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa aƙidar addini cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Ka ji tsoron Allah a kan wannan, ƙanena, fiye da yadda kake jin tsoron lauyoyin Apple. Dattijon da ya miƙo maka wayarsa a ƙofar masallaci ya ce "sa mini", bai san me ake nufi da sabar ba, wato babbar kwamfutar da manhaja ke aika wa bayanai, kai ya yarda da kai. Ranar da wani ya zo da kuɗi ya ce ka saka masa ɗan rubutun talla a cikin manhajar, ka tambaye shi abin da rubutun ke kwasa daga wayoyin mutane da inda yake kai shi. Ka tsara ta yadda wayar ce kaɗai za ta san ta shiga masallaci: kada ta nemi suna ko lambar waya, kada ta ajiye tarihin shiga da fita, kada ta aika komai zuwa sabar, kuma ka rubuta wannan da Hausa a shafin farko da mutum zai gani idan ya buɗe ta.